Ƙasarun salla tsakanin Kano da Abuja ga mai hawa jirgin sama

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina yawan zuwa Abuja. Wani lokaci na bi mota ta Zariya da Kaduna, wani lokaci na hau jirgi. Abokina ya ce in a jirgi na je ba ni da ƙasaru, tunda tafiyar awa ɗaya ce, babu wahala. Nakan yi kwana biyu a gidan amaryata a Kubwa na dawo. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah. Hanyar Kano zuwa Abuja ta haura kilomita 400, nisan ƙasaru kuwa baridi huɗu ne, wato mil 48, kilomita 80 da 'yan kai. Nan babu abin tsayawa.

Maganar abokinka ba ta da madogara, kodayake da yawa suna faɗinta da kyakkyawar niyya. Shari'a ta rataya ƙasaru ne a kan tafiya, ba a kan wahala ba, domin wahala ba ta da ma'auni. Ɗan dakon da ke sauke dila a ƙofar shagonka cikin zafin Afrilu ya fi ka jigata nesa ba kusa ba, amma huɗu zai yi. Idan suka ce ai malamai sun ambaci tafiyar yini biyu, sai mu ce da tafiyar raƙumi mai kaya suka auna nisan, ba sharaɗi suka sa sai ka ɓata yini biyu a hanya ba. Imam Nawawi ya faɗa ƙarara cewa wanda ya yanke wannan nisa ta teku cikin sa'a guda zai yi ƙasaru. Imam Malik kuma da ya kawo ƙasarun Ibn Abbas tsakanin Makka da Ɗa'ifa, da Usfan, da Jidda, baridi ya ƙirga, bai ƙirga awanni ba. To wanda ya kwashe awa shida ko bakwai a mota da wanda ya sauka cikin awa ɗaya, hukuncinsu ɗaya.

Sai dai, ɗan'uwa, amsarka tana cikin jimlar da ka sa a ƙarshe kamar ba komai ba. A mazhabar Malikiyya, shiga garin da matarka take zaune, wadda kuka riga kuka tare, yana yanke hukuncin tafiya ko da kwana ɗaya za ka yi. Da a masauki kake sauka ba ka da iyali a can, da sai ka yi ta ƙasaru muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Amma kai da ka shiga Kubwa sai cikawa. Ƙasarunka a hanya yake kawai, kamar azahar ta riske ka a Kaduna.

Kada kuma ka fara shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, domin gidajen gari sun kewaye shi, ba ka fita Kano ba tukuna. Idan lokaci ya shiga kana jiran jirgi, yi sallarka cikakkiya a ƙasa kafin a kira ku, jinkirin tashi ya sha cinye wa mutane la'asar.

Tunda ka ce amarya, ashe akwai uwargida a Kano. Ka zauna da malamin unguwarku ya tsara maka rabon kwana, domin mai gida biyu a gari biyu ya fi kowa saurin zamewa bai sani ba. Kuma in ta mota za ka bi, ka yi sammako, ka bar tafiyar dare.

Allah ne mafi sani.