Windows a wayar da ake ninkewa

Tambaya: Malam ina yini, daga Ƙofar Ƙaura nake a Katsina. Na samu Surface Duo mai fuska biyu, wai da gaske ana iya sa mata Windows 11 irin na kwamfuta?

Amsa: Ana sawa ƙanina, amma ba Microsoft ne suka yi ba, wasu masu ƙwazo ne suka haɗa shi saboda wayar ta 2020 tana da Snapdragon 855, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ta, wadda Windows ke iya aiki a kai. Sai ka buɗe bootloader tukuna, wato makullin da ke hana sa wa wayar wata babbar manhaja ban da Android, kuma hakan zai goge duk abin da ke cikinta, in ka sa Windows ɗin kuma ga zafi ga batir na zuba kamar ruwa, a wutarmu ta nan kam wahala ce. In ita kaɗai gare ka, don Allah ka bar ta da Android ɗinta.