Kawu, ga yadda muke kallon Yusuf Islam a Landan

Kawu, ina gaisuwa. Ka tambaye ni me ya sa mu Musulmin Landan har yanzu muke ganin girman Yusuf Islam, mawaƙin nan Bature da ya musulunta ya bar kiɗa, bayan ya sake ɗaukar jita, ka ce da a Kano ne da tuni an yi masa caa.

A nan Landan aka haife shi a 1948. Lokacin da ake kiransa Cat Stevens, miliyoyin faifansa aka saya. Ya kusa nutsewa a teku a Malibu ta Amurka, ya roƙi Allah ya cece shi, sannan yayansa ya kawo masa fassarar Alƙur'ani tsaraba daga Ƙudus. A Disambar 1977 ya karɓi kalmar shahada a masallacin Regent's Park da ke nan Landan. Bai daɗe ba ya yi gwanjon jitocinsa, ya bar dandali yana tsakiyar tashe.

Abin da labari ba ya kawo muku shi ne makarantar Islamia da ya kafa a 1983. A gida kowace unguwa da Islamiyyarta, ga makarantar allo a zaure, ladan ma yana taya ka tarbiyya. A nan yaro sai ya wuni ba wanda ya tuna masa da azahar. Shekara da shekaru mutumin nan yana fama, sai a 1998 gwamnati ta yarda ta ɗauki nauyin makarantar, tana cikin na farko da Musulmi suka samu haka a Ingila. Duk mai 'ya'ya a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi, ni kam ban iya mantawa.

Da ya fitar da sabon faifai a 2006, mu ma kanmu ya rabu. Akwai dattawanmu da suka daina sauraronsa ɗungum, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai mu 'yan tsiraru ne, sahu ɗaya muke bi da Basomale, Balarabe, ɗan Pakistan da Baturen da ya musulunta jiya, kowa da malamansa. Zaman ya koya mana cewa saɓanin malamai kan kiɗa ya daɗe, don haka mutum yakan riƙe fatawarsa ba tare da ya kori ɗan'uwansa daga sahu ba.

A gidana waƙoƙinsa na yara muke sakawa, waɗanda ba jita a ciki, kuma da su ƙaramar jikarka ta fara kama haruffan Larabci. In Allah ya kawo ka, a Regent's Park za mu yi Juma'a, ka ga sahun da idonka.