Karanta wa ɗan shekara biyu littafi: wahalar banza ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Daga Tudun Wada, Zariya nake. Ɗana shekararsa biyu da wata huɗu. Na saya masa littattafai masu hotuna, ina karanta masa bayan isha'i, amma surukata ta ce wahalar banza nake yi, yaron da bakinsa bai gama buɗewa ba me zai gane? Ga shi kuma ya fi son yaga takardar da sauraro. In ci gaba, ko in bari sai ya shiga makaranta? Da Hausa zan karanta masa ko da Turanci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ci gaba, don Allah kada ki fasa.

Hajiya tana da gaskiya ta wani ɓangare: ba zai riƙe labarin daga farko har ƙarshe ba. Sai dai ba labarin muke so ya riƙe ba a wannan shekarun. Yaro yana gane magana tun kafin ya iya furta ta, kuma kalmomin da ke cikin kansa sun fi waɗanda ke fitowa daga bakinsa yawa nesa ba kusa ba. Duba abin da yake ji a gida daga safe zuwa dare: zo, zauna, sha, bari, sauka. Kullum su ke nan. Littafi kuwa yakan shigo masa da kada da raƙumi da kwalekwale da ƙorama, abubuwan da ba ya cin karo da su a tsakar gida. Idan kika ɗora yatsa a kan hoto kika faɗi sunansa, idonki da nasa suna kan abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ta haka ne kalma take zama a kan yaro. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa yara tun suna jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, ta ƙarfafa a riƙa yi masa karatu da labari.

Yadda ake karatun ya fi yawansa muhimmanci. A 1988 wani masanin halayyar yara a Amurka, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa sun koya wa wasu iyayen yara 'yan shekara biyu su riƙa tsayawa suna tambaya a tsakiyar karatu. Bayan wata ɗaya 'ya'yansu sun fi na sauran iya bayyana abin da ke bakinsu. Kenan kada ki yi ta zuba kamar mai karanta labarai a rediyo. Ki nuna, ki ce, "Mene ne wannan?" Ki jira. Jiran nan shi ne wurin da mu iyaye muka fi gaggawa. In ya ce "akuya", ki ce, "Ƙwarai, baƙar akuya tana cin ciyawa." Kin karɓi tasa kalmar, kin ƙara masa wasu. In ya dage sai littafi ɗaya kullum, ki bi shi, maimaicin yana yi masa amfani. Minti biyar zuwa goma ya isa, in ya zame daga cinyarki ki ƙyale shi. Abin da nake roƙo kawai, kada ki mai da zaman darasi, da tsawa da "maimaita". Yaron da ya haɗa littafi da ɗumin jikin uwarsa da wuya ya ƙi littafi.

Batun harshe, ki yi da Hausa, harshen da kike rarrashinsa da shi. Turancin zai fi zama a kan harshen uwa mai ƙarfi. In littafin na Turanci ne, ki bayyana hotunan da Hausa. Yana yi mini ciwo in ga uwa a Zariya tana jin kunyar karatun Hausa, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Yagar takarda kuwa ta shekarunsa ce. Ki nemi masu shafin kwali mai kauri, ko ki yanko hotuna daga tsohuwar kalanda ki manna a kwali. Ki kuma jawo Hajiya cikin abin: ki miƙa mata littafin ta nuna wa jikanta dabbobin, ta ɗora da tatsuniyarsu. Mahaifinsa ma ya karɓi nasa daren.

Tunda kin ce bakinsa bai gama buɗewa ba, ki lura. Yawancin yara a shekara biyu suna haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Mama zo". In bai fara ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ki kai shi wurin likitan yara a duba jinsa, ko a asibitin da ke kusa da ke ko a asibitin koyarwa na Shika.