Fatalwa, Kurwa da Dannau: Amsar Tambayoyinku

Wani malamin firamare daga Bunza ya rubuto: "Malam, na faɗa wa 'yan ajina fatalwa da aljani duk ɗaya ne, sai wani yaro ya ce kakarsa ta ce ba haka ba ne. Wa ke da gaskiya?"

Malam, ka ba tsohuwa gaskiyarta. Fatalwa siffar mutum ce wanda ya mutu aka binne, sannan a ce an gan shi yana yawo. Shi ya sa kullum tana da mai ita: fatalwar wane, fatalwar wance. Kalmar mace ce ko da mamacin namiji ne, kuma a bakinmu na Kabi da Zamfara "hwatalwa" za ka ji, yadda muke cewa hwata da hwari. Aljani kuwa halitta ce daban, bai taɓa zama ɗan Adam ba. Sunansa aro ne daga Larabci, muka haɗiye shi da "al" ɗinsa kamar alƙali da albasa. Tushen kalmar a can ɓoyuwa yake nufi, don haka tsofaffin da ke gudun ambaton suna su ce "mutanen ɓoye" sun fassara ta daidai ko ba su sani ba. Tamu ta gado ita ce iska, jam'i iskoki.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne talaucin fatalwa a harshenmu. Dubi iskoki: akwai Inna, akwai Doguwa, Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Malam Alhaji, kowanne da kirarinsa da kiɗansa wurin 'yan bori. Fatalwa ko kirari ba ta da shi. Tambayi Bahaushe me ke cikin kufai, ko gindin tsohuwar tsamiya, ko kan dutsen Kwatarkwashi a bakin mutanen da, zai ce maka iskoki. Kai Bature gaban irin wannan kangon, fatalwa zai fara nema. Bambancin yana wurin da kowa ya ajiye matattunsa. Mu an karantar da mu cewa wanda ya tafi ba ya dawowa. Aya ta 99 da ta 100 a Suratul Mu'minun sun kawo mai roƙon a mayar da shi duniya, aka ce a'a, akwai barzahu a bayansu har ranar tashi. Larabawan jahiliyya ma suna da tasu fatalwar, "hama", wata tsuntsuwa mai kama da mujiya da suke cewa tana fita daga kan wanda aka kashe tana kukan a shayar da ita har sai an ɗaukar masa fansa. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim ya kore ta. Saboda haka in aka ce an ga mamaci, amsar malamanmu ɗaya ce: ko ido ne ya yi gizo, ko aljani ne ya ari kamanninsa.

Turawan ƙarnonin baya nasu lissafin daban ne. Cocin Katolika ta koyar da cewa tsakanin wuta da aljanna akwai wani masauki inda ake wanke mamaci daga sauran zunubinsa, kuma addu'ar masu rai tana rage masa kwanaki. An tabbatar da wannan a taron manyan coci na birnin Liyon a 1274, kuma tun kafin nan shugaban gidan ibada na Kuluni a Faransa, Odilo, ya ware 2 ga Nuwamba don yi wa matattu addu'a. To, wanda ke jiran taimako ai dole ya leƙo ya tuna wa dangi. Wajen shekarar 1400 wani mai ibada a Bailan, arewacin Ingila, ya rubuta labaran fatalwa goma sha biyu a shafukan da suka rage fanko a wani littafi. Cikinsu akwai fatalwar wani ma'aikacin coci da ya saci cokulan azurfa ya ɓoye. Ba cin mutum ya kawo shi ba, roƙo ya zo yi: a tono cokulan a mayar, a nema masa gafara ya huta. Da Martin Luta, wani malamin coci a Jamus, ya tayar da gyaran cocin Katolika a 1517, 'yan Furotesta, wato waɗanda suka ɓalle daga cocin, suka ce babu wannan masaukin, sai malamansu suka koma kan amsar da ta yi kama da ta namu: mamaci ba ya dawowa, abin da aka gani shaiɗan ne ko ruɗu. Jama'a dai ba su daina gani ba. A 1848 wasu 'yan mata 'yan gidan Fokis a jihar Niyok ta Amurka suka ce wani mamaci na amsa musu da ƙwanƙwasa, abin ya zama sana'a, ana biyan kuɗi a zauna a duhu a gaisa da iyayen da suka rasu. A 1888 ɗayarsu, Magaret, ta tsaya gaban taro ta nuna cewa da gaɓoɓin yatsun ƙafarta take yin wannan ƙarar.

Ka lura da zancen cokulan nan. Mu ma muna da shi, ƙofar shigowa ce ta bambanta. Namu mamacin a mafarki yake zuwa ya ce akwai kuɗin wane a kaina. Kuma kafin a ɗaga gawa za ka ji ana shela, duk mai bin marigayi bashi ya ga magada, saboda hadisin da ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da fatalwar Turawa.

Ni ma na taɓa ganin fatalwa, ina yaro, a ƙauyenmu ta wajen Gummi. Wani ƙanen kakana ya tafi Makka a ƙasa tun kafin a haife ni, ta Barno da Cadi da Sudan, irin tafiyar da ake tsayawa a yi noma a sami guzuri. Aka daina jin ɗuriyarsa. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓata takan kai ƙara wurin alƙali, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Duk an yi, an raba gado, matar ta yi wani aure. Ran nan da magariba sai ga dogon mutum, farar riga ta koɗe, ya rame kamar kara, ya yi sallama a zaure ya kira yayarsa da sunan da shi kaɗai ke kiranta. Mata suka watse, wata ta bar tuwo a wuta tana ihu, "Hwatalwa ta! Hwatalwa ta!" Tsohuwar ko gezau. Ta ƙura masa ido ta ce a damo hura. Ya karɓi ƙwarya da hannu biyu ya shanye tas, ya yi gyatsa. Sai ta juyo ta ce, "Ku hito, wanga ƙanena na. Hwatalwa ba ta shan hura." Rigimar gonar da aka riga aka raba ita ta fi ba mutane wahala daga baya.

Wata ɗaliba daga Talatar Mafara ta ce, "Baba, ita kurwa fa? Na ji ana cewa kurwar mamaci." 'Yata, ana faɗa, amma ainihin kurwa ta mai rai ce. Wani sashe ne na mutum da Bahaushe ya ɗauka yana iya fita ya bar jiki, kuma ita ce maye ke kamawa, mutum ya yi ta ramewa. Daga nan aka sami "Kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa," da karin maganar nan, "In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba." Rai shi ne wanda in ya fita an gama, ruhi kuma takwaransa ne da muka aro daga Larabci. In kina rubutu, mamacin da aka gani a ce fatalwa, a bar wa maye kurwarsa.

Wani direba daga Jega yana son ma'anar "gawa ta ƙi rami". Babu ruwanta da fatalwa, Alhaji. Ana faɗarta ga abin da ya gama ƙarewa amma ya ƙi kwanciya, kamar tsohuwar motar da ƙofarta ke ɗaure da igiya kuma kullum tana kan hanyar Yawuri. In aka jefi tsoho da ita, rashin kunya ne. A gefe kuma, masu karɓar albashi da sunan matattu, waɗanda Turanci ke jingina wa fatalwa, mu "ma'aikatan bogi" muke ce musu, kuma ya fi zama daram a baki.

Ta ƙarshe daga Ƙaura Namoda take: mai tambayar yakan farka cikin dare ya ji an danne masa ƙirji, ya kasa motsi, ya kasa kira, wani lokaci har ya ga kamar mutum tsaye a bakin ƙofa. Sunansa dannau, daga "danna", a ƙirar gagarau daga gagara. Larabawa na ce masa "jasum", ma'ana mai durƙusawa a kan mutum, Turawan zamanin da su ma wata halitta suke zargi da hawa ƙirjin mai barci. Likitoci sun ce a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In hankali ya riga jiki farkawa, sai ka ji kanka a ɗaure, guntun mafarkin kuma yana nan a ido. Yakan saki cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, ya fi kama mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine. Ka yi addu'arka ta kwanciya, ka kwanta ta gefen dama, ka kuma rage kallon waya har ƙarfe biyun dare.