Ƙanwata, babi na ukun nan da wuya idan ya tafi

Ƙanwata, kin ce kin kwana kina rubuta babi na uku na furojet ɗinki a Word, kin adana, gari ya waye kin duba Desktop babu shi, kuma wani ya ba ki shawarar a sake miki Windows. Don Allah kar ki yarda. Idan aka yi wa kwamfutar fomatin yanzu, to fa sai dai ki zauna ki sake rubutawa daga farko.

Na daɗe ina aiki a shagon buga takardu kusa da wata jami'a, kuma lokacin miƙa furojet wannan kukan ba ya ƙarewa. Mafi yawan lokuta fayil ɗin yana nan daram, mai shi ne bai lura da inda ya ajiye shi ba, don ido na kan rubutu, hannu ya danna Save ba tare da ya karanta sunan folda ba.

Ki fara buɗe Word ɗin kansa, ki shiga File, sai Open, sai Recent. Zai jero miki takardun da kika taɓa kwanan nan, kowacce da foldar da take ciki a ƙarƙashin sunanta. Sau da yawa a nan ake gano cewa aikin ya faɗa OneDrive ne, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ko kuma Downloads, musamman idan malaminki ne ya turo miki takardar ta imel ko WhatsApp kika buɗe kika ci gaba da gyara a kanta. A ƙasan wannan shafin akwai Recover Unsaved Documents. Word kan ɗauki kwafi da kansa duk minti 10, amma ba ya riƙe waɗanda ba a adana ba fiye da 'yan kwanaki, shi ya sa yau ya kamata ki duba, ba mako mai zuwa ba.

Idan ba a dace ba, ki daina neman sa da suna. Ɗalibai kan rantse min cewa sunan fayil "babi na uku", mu same shi a matsayin Document1. Ki danna maɓallin Windows tare da E, ki zaɓi This PC, ki rubuta *.docx a akwatin bincike, ki jira har ya gama, ko da zai ɗauki lokaci. Sannan ki jera sakamakon da Date modified, na jiya da daddare zai hau sama ko me sunansa. Dalilin jinkirin shi ne Windows yakan yi lissafin wasu foldoji ne kawai kamar Documents da Desktop, sauran sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na koma amfani da wata 'yar manhaja kyauta mai suna Everything, wadda ke fito da sunayen fayiloli nan take, sai dai ita suna take bi, ba abin da ke cikin takarda ba.

Ba ki faɗa ko a filash kika adana ba. Idan a filash ne kuma kin taɓa soka ta a shagon intanet, ki duba Properties na filash ɗin, inda ake ganin yawan wurin da ya cika. Na tuna wata yarinya da ta shigo tana hawaye, filash ɗinta ba komai sai gajerun hanyoyi, wato shortcuts, masu 'yar kibiya, amma Properties na nuna wuri a cike. Bairos ne ya ɓoye foldojin. Na buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, na rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* komai ya dawo. E ɗin nan harafin filash ɗin ne, naki zai iya zama F ko G. Kar ki danna gajerun hanyoyin, su ne ke yaɗa cutar.

Recycle Bin ma ki leƙa, amma abin da aka goge daga filash ba ya zuwa can. Idan har gogewa aka yi, ki daina saka sabon abu a wurin, a gwada Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, daga wata kwamfutar. Ki fara da Recent ɗin tukuna, ki gaya mana foldar da ya nuna miki.