Tsohon man suya da maganar inzayim

Tambaya: Malam, ina da injin niƙa a Kumo, jihar Gombe. Na tara tsohon man suya daga wajen masu ƙosai da awara, na haɗa shi da metanol (wani ruwan sinadari dangin barasa) da soda don in samu abin da zai maye min gurbin man gas. Sai ya yi kauri kamar kunu, ga kumfa. Wani ya ce inzayim zan nema. Mene ne shi, kuma zai fisshe ni?

Amsa: Malam, sabulu ka dafa ba ka sani ba. Man da ya sha wuta ya gaji, ya kuma sha ruwan ƙullu, sinadarin tsami yakan yi yawa a cikinsa. Da wannan tsami ya gamu da soda sai sabulu, kamar dai yadda iyayenmu mata ke haɗa ruwan toka da mai.

Abin da ake nema shi ne metanol ya raba mai gida biyu: bayodizal, wato man injin da kake nema, ya taso sama, wani ruwa mai kauri da duhu da ake kira gilisarin ya kwanta a gindin durom, wajen kashi 10 cikin 100. Soda tana gama wannan cikin kamar awa ɗaya a zafin digiri 60, in man sabo ne, busasshe.

Inzayim sinadari ne da abu mai rai ke samarwa don hanzarta irin wannan sauyi, kuma wanda aka faɗa maka sunansa lifes. Irinsa ne ke narkar da kitsen da muka ci a hanjinmu, sai dai na masana'antu daga ƙwayoyin halitta dangin yis ake samo shi. Sananne a ciki shi ne Novozym 435, wanda aka manna a jikin 'yan ƙwayoyi farare kamar tsakin gero, don a tace su a sake amfani da su. Kyansa shi ne ba ya sabulu. Har tsamin nan da ya ɓata maka aiki yakan mayar da shi man inji. Zafin digiri 35 zuwa 45 ya ishe shi, wanda rana kaɗai kan kawo a Gombe cikin watan Afrilu.

Amma fa yana da saurin fushi. In ka juye masa metanol gaba ɗaya, ya mutu. Sai a kasa metanol ɗin uku, a riƙa zubawa da tazara. Ga nawa, don yakan kwana yana aiki. Ga tsada, kuma daga waje ake shigo da shi.

A ganina, mai durom ɗaya ba zai mayar da kuɗinsa ba, sai in kun haɗu ƙungiya. Kafin nan, tace man da kyalle, ka ɗora shi a wuta har ya daina tartsatsi, ka bari ya huce, sannan ka gwada lita ɗaya kawai da metanol da soda. In ya sake yin kunu, tsamin ya fi ƙarfin soda.

Metanol kuwa guba ne mai makantarwa. A fili za ka yi aikin, nesa da wuta da yara.