Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙudurorin Majalisar Ɗinkin Duniya Kan Falasɗinu Ba Sa Aiki?

Tambaya: Kullum muna jin an zartar da ƙuduri kan Falasɗinu a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ba ma gani a ƙasa. Ina gizo ke saƙar? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, sai an fara bambance wurare biyu. Babban Zauren Majalisar na da ƙasashe 193, kowace da ƙuri'a ɗaya, amma ƙudurinsa kan irin wannan batu shawara ce, ba ya tilasta wa kowa. Mai haƙora shi ne Kwamitin Sulhu mai mambobi 15. Kafin ƙuduri ya wuce a can sai ya sami ƙuri'a 9, kuma kada ko ɗaya daga cikin biyar masu kujerar dindindin (Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin) ta hau kujerar na-ƙi.

Ga misali. A Nuwamban 2012 ƙasashe 138 suka amince a Babban Zaure Falasɗinu ta zama ƙasa 'yar kallo. Amma cikakkiyar kujera sai Kwamitin Sulhu ya fara amincewa, sannan kashi biyu cikin uku na Babban Zaure su tabbatar. Da aka kai batun kwamitin a Afrilun 2024, ƙasashe 12 suka yarda, biyu suka ƙaurace, Amurka ta ce na-ƙi, magana ta mutu nan take.

Ko ƙuduri ya wuce ma, da sauran rina a kaba. Ƙuduri mai lamba 2334 na Disamban 2016 ya ce matsugunan da Isra'ila ke ginawa a yankunan da ta mamaye tun 1967 ba su da tushe a dokar duniya. Ya sami ƙuri'a 14, Amurka ta ƙaurace. Sai dai ba a ɗaura masa takunkumi ko wani hukunci ba, don haka gini ya ci gaba. A shekarar ce kuma gwamnatin Obama ta sa hannu kan ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 38 cikin shekara goma, wato biliyan 3.8 duk shekara. A ganinmu nan ne babban cikas: wadda ta fi kowa iko a kan Isra'ila ita ce ke kare ta daga hukunci, Falasɗinawa kuma su ke ɗanɗana kuɗarsu.

Tambaya: To ƙasashen Musulmi fa, me ya hana su haɗa kai? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, kowace da nata lissafin. A 2002, a taron Beirut, Larabawa suka yi tayi da murya ɗaya: Isra'ila ta koma iyakokin 1967, a kafa ƙasar Falasɗinu mai hedikwata a Gabashin Ƙudus, su kuma su ƙulla hulɗa da ita. Tayin ya raunana a 2020, lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Baharain, Maroko da Sudan suka amince da hulɗa ba tare da an cika sharaɗin ba. Maroko ta sami amincewar Amurka kan ikonta da yankin Yammacin Sahara da ake taƙaddama a kansa, Sudan kuma aka cire ta daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci. Masar, da ta yi sulhu tun 1979, na karɓar kimanin dala biliyan 1.3 na tallafin sojan Amurka duk shekara.

A ɗaya ɓangaren, Iran na taimakon Hamas da Islamic Jihad da kuɗi da makamai, Ƙatar kuma ta karɓi ofishin siyasa na Hamas tun 2012, abin da ya sa ta zama mai shiga tsakani. Wannan ja-in-ja ya ƙara zurfafa barakar da ke tsakanin Fatah (jam'iyyar da ke jagorantar Hukumar Falasɗinawa a Gaɓar Yammacin Kogin Jordan) da Hamas tun 2007, har ya zama babu wakili ɗaya da zai sa hannu a madadin Gaza da Gaɓar Yamma baki ɗaya.